Zauren Uwargida: Kafin Mai Gyaran Famfo Ya Tattara Kayansa

  

A wannan wata zan fitar da ke daga kicin in kai ki gindin famfo. Na san wata tana karantawa za ta taɓe baki ta ce, “Ni ina ruwana da gyaran famfo, ai wannan aikin maza ne.” Gaskiyarki 'yar uwa, ni ma ba cewa zan yi ki ci ɗamara ki ɗauki sifana ba. Amma tsaya ki duba yadda abin yake tafiya a gidajenmu. Maigida ya kira mai gyara, ya ajiye kuɗi, ya wuce kasuwa ko ofis ko gona. Mai gyara ya kwance, ya ɗaura, ya tattara kayansa ya nufi wani gida, kafin mako ya zagayo ya shiga gida ashirin. Yaron da aka aika shago ya sayo ya miƙa, ya koma wasansa. A cikinsu wa zai iya faɗa bayan wata shida me aka cire, me aka sa, nawa aka kashe, ta ina fayif ya bi? Ke ce kaɗai ba ki je ko'ina ba. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a gidan aure mai ɗakin ke ce.

Bari in ba ki labarin abin da ya same ni, don kada ki ɗauka daga sama na tsinto maganar. Shekara uku ke nan, ana saura kwana biyu Sallar Gani. Duk wadda ta zauna a Daura ta san yadda gida ke cika a wannan lokaci, baƙi daga Kano, daga Zango da Baure, har da danginmu na Damagaram, kowa ya zo kallon hawa. Sai famfon tsakar gida, inda ake wanke-wanke, inda yara ke alwala, ya ƙi rufuwa. Maigida ya kira mai gyara kafin ya fita. Da hantsi mutumin ya yi sallama, na shige ɗaki, babban ɗana ya shigo da shi. Ya rufe ruwa daga tanki, ya kwance kan famfon, ya baje kayan cikinsa a kan siminti, ya ce 'yar robar ciki ce ta cinye, bari ya je ya sayo. Fitarsa ke da wuya yarinyar da ke taya ni aiki ta ɗauko tsintsiya ta share tsakar gida tas, kamar yadda ni na koya mata. Wani ɗan noti na tagulla da bai kai girman gujiya ba ya bi shara.

Bayan la'asar mai gyara ya dawo da roba, babu noti. Muka zazzage kwandon shara, muka tona toka, shiru. Notin kuma ba a sayar da shi shi kaɗai, sai dai a sayi kan famfo sukutum. Na ba yaro kuɗi na ce a ba shi kan famfo, ban ƙara masa komai ba, domin ni ma iyakar abin da na sani ke nan. Ya sayo wanda ya fi bakin fayif ɗinmu girma. Ya koma aka canza masa. Garin ɗaura wannan, ga magariba ta kawo jiki ga gaggawa, gwiwar roba da ke cikin bango ta tsage. Da safe muka tashi bango ya jiƙe sharkaf har ɗakin baƙi. Ta ina fayif ɗin ya bi a cikin bangon? Babu wanda ya sani, wanda ya yi aikin tun ginin gidan ya daɗe da barin gari. Wuri uku aka fasa kafin a dace. Baƙi suka iso suka tarar da ɓaraguzai a tsakar gida da kurar 'yan ga-ruwa a ƙofa.

Abin da ya fi kuɗin ƙona mini rai shi ne tambayar da maigida ya yi mini da dare, a hankali, ba da faɗa ba: “Hajiya, duk kina gida aka yi wannan?” Na so in ce masa ai ba ni na kwance ba. Sai na yi shiru, domin na san da na miƙa wa yaro faranti na ce a zuba kayan a ciki, da maganar ta ƙare a kan robar da ba ta kai kuɗin ƙosan karin kumallo ba. Mai gyaran nan ba mugu ba ne, kuma ya iya aikinsa. Mai lura aka rasa.

Tun daga ranar, kafin a taɓa komai sai na tanadi inda za a zuba abin da za a kwance. Tire ya yi, murfin bokiti ya yi, amma abin da na fi jin daɗinsa shi ne kiret ɗin ƙwai. Rami-rami ne, abin da aka fara cirewa ya shiga ramin farko, na biyu ya shiga na biyu, haka har a gama. Wajen mayarwa sai a faro daga na ƙarshe a dawo baya. Kan famfo irin na murɗawa ba ya rasa abu biyar ko shida a jikinsa: mariƙi, sukurun da ya riƙe shi, noti, sandar da ke hawa da sauka, zoben roba da ke hana ruwa fita ta wuya, da robar ƙasa da ke toshe ruwan. In aka saɓa jerinsu, famfo zai ɗauru amma ɗigo yana nan. Wani mai gyaran zai yi dariya ya ce, “Haba Hajiya, ai na daɗe a wannan sana'a.” Ki sa a ce masa, “Malam, ba don kai ba ne, don yara da kaji ne.” Ba ƙarya kika yi ba. Mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, noti da sukuru kuma daidai maƙogwaronsa suke. In a sinki ko banɗaki ake aikin, a toshe ramin da ruwa ke fita da tsumma tun farko, don sukuru in ya faɗa can sai haƙuri. Ki hana shara har sai an ce an gama. Wayarki kuma ki ba yaro ya ɗauki hoton wurin kafin a kwance, ya ƙara ɗauka bayan an jera kayan a kiret.

Yanzu ga inda kuɗi ke zurarewa: aike. Mun saba mu ce wa yaro “je ka sayo irin wannan”, alhali babu “wannan” ɗin a hannunsa. Kayan famfo suna da awo, awon kuma yana da ruɗani. Na gida galibi uku ne: rabin inci, wanda a shago za ki ji ana ce masa hafinci, uku bisa huɗu na inci, wato tirikwata, sai inci ɗaya. Yawancin kawunan famfo na kicin da banɗaki rabin inci ne, fayif ɗin da ya sauko daga tanki kuwa yakan fi haka faɗi. Kada ki ce za ki auna da tef ɗin ɗinki ki faɗa wa yaro. Bakin kan famfon da ake kira rabin inci, in kika auna shi daga waje za ki samu kusan milimita 21, wanda ya ma ɗara uku bisa huɗu na inci, sai ki rantse tirikwata ne. Sunan awon daga faɗin ramin cikin fayif aka samo shi, ba daga bayansa ba.

Fayif ɗin kansa ma iri-iri ne. Akwai na ƙarfe na da, wanda ake murɗawa, mai tsatsa daga ciki har ruwa ya riƙa fitowa ja-ja da safe. Akwai na roba da ake kira PVC, wanda ake haɗawa da gam. Akwai kuma PPR, galibi kore ko fari, wanda ba ya shan gam sam, da wani inji ake gasa bakinsa a manne. Shi wannan da milimita ake kiransa: mai lamba 20 shi ke tafiya da rabin inci, 25 da tirikwata, 32 da inci ɗaya. Gwiwar wannan ba ta hawa wancan sai da mahaɗi na musamman. Lambobin nan a rubuce suke a jikin fayif, tare da sunan kamfani da ƙarfin ruwan da zai iya jurewa, ki sa a karanta miki kafin a yanka. Dalili kuwa, akwai fayif mara kauri da aka yi don zura wayar lantarki ko fitar da ruwan wanka, ya fi araha, a ido kuma suna kama. In aka sa shi a layin tanki, ranar da zai fashe ba zai yi shawara da ke ba.

Maganin duk wannan ruɗani guda ne: tsohon da aka cire shi za a riƙa zuwa shago. A sa shi a leda a ba yaro, mai shago ya gwada su baki da baki. A yi magana da shi tun kafin a biya cewa in bai hau ba za a dawo da shi, a kuma karɓo rasit. Wannan ya fi shafar 'yan uwanmu na ƙauyukan Sandamu, Mai'aduwa, Baure da Zango, inda kuskuren awo ke nufin sake biyan kuɗin mota ko na babur zuwa cikin gari, wani abin ma sai an aika Katsina ko Kano.

Ko an gama aiki lafiya, ki ce a bar miki tsofaffin kayan. Ba rowa ba ce. Shi ne samfurinki na gaba, kuma shi ne shaidar an canza abin da aka ce an canza. Mafi yawan masu gyara mutanen kirki ne masu neman halal, amma wanda ya san za a nemi tsohon ba zai lissafa sabo uku ya sa ɗaya ba. Bayan haka, tsohon yana ba da labari ga wadda ta duba shi. Robar da kika ga ta lotse ta fashe, ƙarfin hannu ne ya kashe ta, ana matse famfon fiye da kima, sai ki yi wa yara magana. Wadda kika ga ta karce kamar an goga ta a dutse, yashi ne ke biyo ruwa daga rijiyar burtsatse, komai yawan canzawa haka za ta riƙa yi sai an sa mataci ko an wanke tanki. Kan famfon da ya karye kika ga cikinsa toka-toka, ba tagulla ba ne, rini aka yi masa. Na tagulla ya fi nauyi a hannu, in aka karce shi kuma rawaya ne har ciki. In tarkacen ya taru ma 'yan gwangwan suna saye, kin samu na gishiri.

Sai littafi, kuma nan maganar take. Littafin makaranta mai rahusa ya isa, ki rubuta “Ruwa” a bayansa, da boko ko da ajami, duk wanda hannunki ya fi sabawa da shi. Muna rubuta adashi, muna rubuta gudummawar biki har ta shekara goma, wa ta kawo atamfa wa ta kawo kwano, to wannan bai kai wancan wuya ba. Duk ranar da aka yi gyara ki rubuta kwanan wata, wane famfo ne, me aka canza, awonsa, nawa aka sayo, a wane shago, nawa aka biya na aiki daban, da lambar wayar mai gyara. Ki manne rasit a shafin. Bayan shekara za ki sha mamaki. Ni da na duba nawa, sai na tarar famfon banɗaki guda an canza masa kai sau huɗu a cikin wata goma sha ɗaya, jimillar kuɗin ta isa a sayi mai kyau guda biyu. Da da baki na faɗa wa maigida, cewa zai yi mita ce irin ta mata. Da na buɗe masa shafin, shi da kansa ya je ya sayo na tagulla.

In kuna da rijiyar burtsatse, ki ware mata shafi: zurfinta mita nawa, a mita nawa aka rataye injin da ake ce wa sumo, ƙarfinsa doki nawa, na wane kamfani ne, yaushe aka sa. Ranar da masu haƙa suka gama suna faɗar waɗannan da baki, kowa yana murnar an samu ruwa, babu mai rubutawa. Bayan shekara biyar inji ya ƙone, sai an zaro shi duka kafin a san irin wanda za a aika a sayo, gida kuma babu ruwa.

Abin da ya fi komai cancantar shiga littafin shi ne wanda ido ba zai sake gani ba. Duk fayif ɗin da za a binne a ƙasa ko a cikin bango, kada birkila ya shafe shi da siminti, kada mai tayil ya rufe, sai an ɗauki hotonsa an kuma auna. Awon a yi shi daga abin da ba ya motsi: ƙofa, kusurwar ɗaki, taga. Nan ne tef ɗin ɗinkinki zai yi amfani. Ki zana ɗakin a takarda ko da zanen bai yi kyau ba, ki ja layi inda fayif ya bi, ki rubuta daga ƙofar banɗaki inci kaza, daga ƙasa inci kaza. Hoto kaɗai bai isa ba, waya tana faɗawa ruwa, ana sacewa, ana sayarwa. Ki tura wa maigida da babbar 'yarki ta WhatsApp, amma kada ki saki takarda.

Ki tuna ranar jere. Mata sun cika ɗaki, kafinta yana kafa kabad ɗin kicin, ana buga ƙusar labule da ta madubi duk inda aka ga ya yi kyau. Na san gidan amarya a nan cikin gari da ƙusa guda ta huda fayif a bangon kicin, ba a farga ba sai bayan wata biyu da bayan kabad ya ruɓe, fenti ya kumbura. Aka yi ta zagin mai gini. Da akwai 'yar takarda a hannun uwar ango, da an gusa da ƙusar taƙi ɗaya. In gidan haya za ku shiga, maigida ya tambayi mai gidan tun kafin a kawo kaya. In kuma ku ne za ku tashi, ki bar wa mai shigowa kwafin zanen.

Sanin hanyar fayif ba don bango kaɗai ba ne, har da cikin yaranki. A unguwanninmu da yawa fayif ɗin ruwan sha yana ratsa kwata, ko ya bi ta gefen ramin masai. Muddin ruwa yana cikinsa da ƙarfi, in ya tsage ruwa ne ke fita. Amma da zarar an ɗauke ruwa, fayif ya zama fanko, sai ƙazantar da ke kewaye da shi ta samu hanyar shiga ta wannan tsagar, ranar da ruwa ya dawo ya kawo miki ita har randa. Wannan na cikin hanyoyin da amai da gudawa da taifot ke shiga gidan da ake ganin mai tsafta ne. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙidaya mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu, Jihar Katsina kuma tana cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Ban ce duk daga fayif ba ne, amma wannan ƙofa a hannunmu take. Ki sa a nuna miki duk inda layinku ya kusanci ƙazanta, ki yi masa alama a zanen, in da hali a ɗaga shi sama da kwata, kuma kada a yi haɗi a daidai wurin.

Ga wata tambaya. Yanzu da kike karanta wannan, in fayif ya fashe a banɗaki, kin san inda za ki rufe? Da yawanmu sai dai mu tsaya kiran maigida a waya, tanki yana tsiyayewa. Ki sa a nuna muku makullin ruwa na ƙarƙashin tanki da na kowane sashe, ke da abokiyar zamanki in kina da ita, da babban yaro. Mai dogon mariƙi, in mariƙin ya miƙe tare da fayif a buɗe yake, in ya gitta a rufe yake. Mai zagayayyen kai kuwa dama ake murɗa shi ya rufe. Ki ɗaura wa kowanne ƙyalle mai launi daban ki rubuta a littafi: ja na tsakar gida, kore na banɗaki.

Wata za ta ce duk wannan ɗawainiya a kan ɗan ɗigo? Mu Daurawa bai kamata a koya mana darajar ruwa ba. Tarihin da muka gada ya ce a zamanin Magajiya Daurama, kafin zuwan Bayajidda, ranar Juma'a kaɗai macijin rijiyar Kusugu ke barin mutane su ɗebi ruwa. Su da suke jiran mako guda kafin su cika tulu, me za su ce in suka ga famfo yana ɗiga dare da rana ana tsallake shi? Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi lissafin cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. Ki mai da shi jarka mai lita 25 irin ta 'yan ga-ruwa: ya haura jarka 440, fiye da jarka guda kowace rana. Ki buga da kuɗin jarka a unguwarku.

Shi ya sa ba na bari a sallami mai gyara sai an ƙirga an gwada. A duba kiret, in sukuru ko roba ya rage a ciki a tambaya na ina ne. A buɗe ruwa, a goge kowane haɗi da busasshen tsumma, a jira kamar minti goma, a sake shafawa da hannu. In haɗin gam ne, a ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani kafin a sakar masa ruwa. Inda ƙarfe ke shiga cikin roba kuma a daina matsawa da zarar ya kama, abin da ya tsaga mana gwiwa ke nan ranar Gani. In wuri ya bushe, a biya shi haƙƙinsa nan take, kada a ja masa rai, shi ma iyali ke jiransa.

Na san akwai gidajen da maigida ba ya son matarsa ta yi magana da ma'aikaci ko ta bayan labule. Wannan bai hana komai ba. Faranti, hoto, leda, rasit, duk ana iya yin su ta hannun ɗanki ko ƙanen miji, ke kina ɗaki da littafinki kina aiko da tambaya. Sai dai ki gaya wa maigida tun dare abin da kike son yi, kada ya ji daga bakin mai gyara cewa Hajiya ta sa an ƙirga masa sukuru.

Ragowar kaya, guntun fayif ne, gwiwa ce, farin tef ɗin nan da ake naɗawa ne, ina zuba su a babban gwangwanin madara mai murfi, in ɗora a saman kabad tare da littafin, inda hannun yara ba ya kai. Duk ranar da za a sayo roba ina sa a sayo uku. Gam dai ba na ajiyewa, in an buɗe shi daskarewa yake yi, ga shi yana kama wuta. Watan jiya famfon nan na tsakar gida ya sake ɗiga, bayan magariba, shaguna sun rufe. Na sauko da gwangwani, na nuna wa babban ɗana hoton yadda kayan suke jere. Ya rufe makulli mai jan ƙyalle, ya kwance, ya jera a kiret, ya sa sabuwar roba, ya mayar. Maigida ya dawo daga sallar isha'i ya wanke hannu a wurin, bai ma san an taɓa shi ba.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu leƙa cikin tankin kansa: sau nawa ya kamata a wanke shi, da me za a wanke, da abin da ke sa ya yi gansakuka. Wadda ke da tambaya ta aiko ta adireshin mujalla. Wassalam.